Ƙyauren da ya kulle abokina a Umm Salal

In da ana mayar da aiki baya, akwai ƙyaure ɗaya da zan so a ce ban taɓa sa masa hannu ba.

Shekarun baya ina tuƙa motar wani Balarabe mai gona a Umm Salal, kusa da Doha a ƙasar Qatar. Kafin in zo Doha kafinta ne ni a Kano, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Mai gadin gonar abokina ne, Bazazzagi, saboda haka kullum muna cikin tsokanar juna. Yana fama da asma. Ɗakinsa kwantena ce mai ƙofar alminiyam wadda ba ta rufuwa daidai, duk ranar da guguwar yashi ta taso sai ƙura ta cika ɗakin, ya wuni yana tari kamar ransa zai fita.

Na ce masa, "Bazazzagi, zan yi maka ƙyaure na biyu daga waje, wanda ko iska sai ta yi sallama kafin ta shiga."

Ya ce, "Bakano da cika baki. Yalla, mu gani."

Na je wajen masu katako kusa da unguwar Asian Town. Mai shagon ya nuna min katakon da aka yi wa magani don zaman waje, da sukurori marasa tsatsa. Na ɗaga masa hannu na ce ba na so. A raina nan hamada ce, ai ta fi Kano bushewa, me zai jiƙa katako? Na ɗauki farin katako mai sauƙin aiki da filawud irin na kabad, da ƙusoshin ƙarfe. Na shafe kowace gaɓa da gam, na danne allon tsakiya ƙam. Sama da ƙasan ƙyauren ban yi musu fenti ba, tunda ido ba ya kaiwa can. Abin da na fi alfahari da shi, tsakaninsa da firam ɗin ƙofar ko takarda ba ta wucewa.

Watannin farko ƙura ta daina shiga, abokina ya samu barci. Har shayi ya dafa min.

Abin da na manta shi ne Doha a bakin teku take. Da zafi ya tsananta, irin lokacin da kana fitowa daga mota tabarau zai yi hazo, sai katakon ya fara shan danshi yana kumbura. Abokina ya ce min, "Malam, ƙyaurenka ya fara gardama, sai na sa kafaɗa."

Na ce, "Ƙarfi ne ba ka da shi. Sabon katako ne, zai saki."

Ya sake faɗa bayan kwana biyu, na sake mayar da abin wasa. Kankare gefen ba zai ci min lokaci ba, amma kankarewa na nufin na yi kuskure, ni kuwa ban shirya jin haka daga Bazazzagi ba.

Wata Juma'a bayan La'asar ina kasuwa ya kira ni. Ba na jin komai sai shessheƙar numfashi. Da kyar ya ce, "Ƙofa... ta ƙi." Asmar ce ta tashi, abin shaƙarsa ya ƙare, sauran ma'aikata duk sun fita hutu, tagar kuma na'urar sanyaya ɗaki ce a cikinta. Ban san yadda na tuƙo motar ba. Na ja ƙyauren, mariƙin ya ɓalle a hannuna, ƙusoshinsa duk sun yi ja da tsatsa. Da rodi na fasa shi. Na same shi a durƙushe bayan ƙofa, leɓɓansa sun sauya launi.

Allah Ya sa da sauran kwana. A asibiti, da ya samu bakin magana, na tsaya ina neman kalmar ban haƙuri, sai ya riga ni: "Ka ce iska ba za ta shiga ba. Wallahi ka cika alkawari."

Shi ya yi dariya, ni hawaye ne suka zubo min.

Na sake yin wani ƙyauren da katakon da mai shago ya nuna min tun farko. Na fafe rami a wannan katako, na fiƙe harshe a wancan, suka shige juna. Allon tsakiya na bar shi yana motsi cikin kwarminsa ba gam. Na fente ko'ina har ƙasa, na bar tazara a gefe, roba ce ta tare ƙurar.

Yanzu ya koma Zariya wajen jikokinsa. In ya kira, gaisuwarsa ta farko ita ce, "Bakano, wa ka kulle bana?" Ya yafe tuni. Ni dai har yau ba na iya jin ƙyaure yana gogar firam ban ji wannan numfashin a kunnena ba.

'Yan'uwa masu sana'a, ina roƙonku: ku tambayi iskar garin da kuke kafin ku sayi katako. In kuma mai ɗaki ya ce muku ƙofa ta fara gardama, ku ɗauki kayan aiki ku je a ranar, kada ku yi masa dariya kamar yadda na yi.