Malam Maharazu da Igiyar Marka

Duk mai bin hanyar Dayi da sassafe ya san ƙarar keken Malam Maharazu kafin ya hango mai keken. Sarƙar ta daɗe tana neman mai, shi kuwa ya ce ita ke sanar da yara ya taso, don haka ba zai rufe mata baki ba. Da isarsa makaranta sai ya jingine keken a gindin darbejiya, ya share allo da kansa, ya rubuta lissafi guda a can ƙuryar sama. Wannan ba na kowa ba ne, na yaron da ya gama aikin aji ne ya rasa abin yi, ya fara tsokanar na kusa da shi. Haka yake yi tun kafin mulkin kai, kuma ƙarshen wannan shekara ta 1969 zai ajiye alli ya koma gonarsa.

Na ga gara in yaba masa tun yana ji da kunnensa, don mu mutane ne masu adana yabo sai an dawo daga maƙabarta.

Yawancinmu malamai daƙiƙin yaro ne ke hana mu sakat. Shi kuwa Malam Maharazu mai kaifin kai ne damuwarsa. Yakan ce littafin lissafin da hukumar En'e ke rabawa an ɗinka shi ne daidai jikin matsakaicin yaro, mai ƙoƙari yakan cinye shi kafin ruwa ya sauka, sauran shekara kuma hamma. Saboda haka ya yi ta taka keken nan zuwa Malumfashi da Funtuwa yana aron littattafai, yana zama yana auna wanne ya dace da wane yaro. Abubakar, wanda ke karatun injiniya a Zariya yanzu, ya shaida mini cewa ba don lissafin ƙuryar allo ba da tuni ya gudu, don makaranta ta riga ta gundure shi. Irinsa suna da dama. Amma in ka fara lissafa wa Malam su, sai ya saurara har ka gama, sannan ya ce, "Marka fa?"

Marka ɗiyar Labo ce, wani Bamaguje manomi a unguwar da ke bayan gari. A gidansu mace ma hannu ce a gona, ba a sakinta da damina haka kawai. Malam ya yi sawu ya fi a ƙirga, yana zama gindin rumbu yana lallashin Labo ya bar ta ta ci gaba da karatu, yana rantsuwa bai taɓa koyar da kai irin nata ba. Daga ƙarshe Labo ya gaji ya ce, "Na bar maka ita zuwa jarrabawar nan ta shiga sakandare. In ta ci, ta tafi. In ba ta ci ba, ga fartanyarta can a rataye."

To, littafi biyu ne a gaban Malam a shekarar. Ɗaya na shirin jarrabawa, cike da doguwar tarawa da rabawa, kowane lissafi sai an rubuta hanyar da aka bi, layi bayan layi. Ɗayan na 'yan sakandare ne da ya aro, mai aljabara da awon fili. Hedimasta ya ba shi shawara ya riƙe na farko. Malam ya dubi yarinyar da ke faɗin amsa kafin ya gama rubuta tambaya, ya ga zalunci ne a sa ta rarrafe alhali gudu take yi. Ya ɗauki na biyu. Kuma tun da amsarta ba ta kuskure, ya daina matsa mata ta rubuta hanya.

Waɗanda suka yi ajin suna tuna ranar da ya fitar da su fili da igiyar guga. Ya ɗaure bakinta biyu, ya ce in wannan ce duk shingen da mutum ke da shi, yaya zai shimfiɗa ta ya kewaye fili mafi girma? Yara suka shiga ja, wannan mai kusurwa huɗu, wancan mai uku. Marka ko taɓa igiyar ba ta yi ba ta ce zagaye, kamar gindin rumbu. Ya tambaye ta don me, ta ce haka dai take gani. Ya yi dariya don murna, ya ce ta yi daidai, aka koma aji.

A Malumfashi aka yi jarrabawar. Ta riga kowa gamawa, ta jera amsoshi tsirara ba hanya ko ɗaya, ta zauna tana kallon taga. Masu duba takardu kuwa rabin makinsu na hanya ne, kuma ba su san Marka ba balle su yarda cewa da ka ta yi lissafin. Sakamako ya zo babu sunanta, ga na yaran da ita ke koya musu a gindin bishiya.

Labo ya zo makaranta da kansa, bai ɗaga murya ba.

"Malam, kai ka ce ɗiyar nan ta fi kowa."

"Ta fi kowa har gobe. Laifina ne. Ka ƙara mini shekara guda."

"Ni ban san laifi ba. Magana muka yi, ni na cika tawa."

Ya sa ta a gaba suka tafi. Malam ya koma gidan sau da yawa, ana karɓarsa hannu biyu, ana ba shi ruwa, amma ba a sake zancen ba. Abin yana ba ni takaici har yau, don ba mugu ko ɗaya a cikin labarin da zan huce a kansa.

Malam Maharazu, wani da wannan ya same shi da ya kulle littafin aro a akwati, ya koma kora kowa da sanda ɗaya. Kai ba ka yi haka ba. Kai ne ka raba yini biyu, da safe littafin jarrabawa ba tsallake layi ko da yaro zai yi kuka, da la'asar kuma mai wuya ga wanda ya iya ɗauka. Kai ne ka daina karɓar amsa ba dalili, har yara suka laƙaba maka Malam Don-me, suna faɗa a bayan idonka suna zaton ba ka sani ba. Duk wanda ya wuce sakandare daga ajinka tun daga shekarar, a kan faɗuwar Marka ya taka, kuma kai ne ba ka bari a manta da haka ba.

Makon jiya aka taru a filin makaranta don sallama. Ana cikin jawabai sai ga wata mata da goyo ta ratso taro. Marka ce, ta yi aure a wata unguwa wajen Bakori, tana noman gayaunarta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance igiya daga kan kayanta ta ɗaure bakin, ta shimfiɗa a ƙasa da kusurwa huɗu, gefe guda ya lotsa ciki. Ta tura lotsawar waje, ta nuna fili ya ƙaru, igiya ba ta ƙaru ba. Ta jera gyaɗa a ciki har ya cika. Sannan ta bi kusurwoyin tana miƙe su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta miƙe sai wurin ƙarin gyaɗa ya samu, tana tsayawa ta tabbata ya gani kafin ta wuce. Da kusurwa ta ƙare, igiya ta zama zagaye.

"Ka tambaye ni don me, Malam, ban ba ka amsa ba. Ina noma ina juya abin. Ga hanyar nan."

Malam ya dubi igiyar. Ya ce, "Ai ni ne ban tsaya na ji ba, 'yata."

Ya nemi ta bar masa igiyar, ta bar masa, ta tattara gyaɗarta, don tana son ta kai gida kafin rana ta faɗi.

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma malaman da za ku gaje shi, ku wahala wajen zaɓa wa mai ƙoƙari littafin da ya kai shi, kada kuma ku raina wanda zai buɗe masa ƙofa. In yaro ya faɗi amsa da sauri, ku tambaye shi don me, ku tsaya sai ya gama. Marka ta kawo tata hanyar daidai ba kuskure, sai dai ta zo da ita shekara takwas bayan an karɓe takardu.