Ranar da Tartsatsi Ya Kawo wa Kansa Wuta

In ka ga hannun Tartsatsi ba sai an gaya maka sana'arsa ba. Daga yatsu har gwiwar hannu ɗigo-ɗigon ƙuna ne, sabo kan tsoho, idonsa kuma kullum ja kamar wanda ya sha kuka. Mai walda ne. Rabin ƙofofin layinsu shi ya haɗa su. Sunan ma a bakin aiki ya samo shi, ya bi shi har cikin gida.

Shi ne babba a ɗakinsu. Da mahaifinsu ya rasu sai ya ajiye makaranta ya ɗauki baƙin tabarau, don ƙaninsa Auta ya ci gaba da karatu. Auta ya yi karatun kuwa. Ya samu aikin ofis, ya gina gida a sabuwar unguwa, ya ajiye tumbi. Tartsatsi bai taɓa jin komai a ransa ba. Mota? Allah ya ƙara. Falo mai tayil? Allah ya sa alheri. Ranar da Auta ya sayo sola ma, Tartsatsi ne ya hau rufin da kansa ya yi wa faifan ƙafafun ƙarfe, yana leƙo shi daga sama yana cewa, "Kai da ko ƙwan fitila ba ka iya canzawa, me za ka yi da wannan?"

Bai ji komai ba ne don yana da abin da Auta ba shi da shi. Inna, mahaifiyarsu, a gidansa take.

Ɗakinta ne na farko in ka shiga. Gadonta shi ya ƙera, ya sa masa mariƙi a gefe don ta riƙa kamawa in za ta tashi. A kusurwa ga ɗan ƙaramin firji, ba a sa komai a ciki sai allurarta ta ciwon suga, irin wadda in ta sha zafi ta lalace. Kullum da safe kafin ya fita shago shi ke yi mata. Takan ce hannun da ke riƙe wuta ba ya rawa. In ya gama sai ya durƙusa, ta ɗora masa hannu a ka ta yi ta jero addu'a, har matarsa ta leƙo ta ce, "Inna, a rage mana saura mana." Da wannan addu'ar yake buɗe shago. In ya ga Auta da motarsa, a ransa yakan ce, kai dai ka tafi da motar.

Sai manyan turakun wuta suka faɗi can wani daji.

Ba irin ɗaukewar da aka saba ba ce, a ɗauke da safe a kawo da yamma kowa ya yi tsaki ya wuce. Wannan gari bayan gari ne suka mutu lokaci guda, ga zafi kamar a bakin murhu. Famfo ya ƙafe don injin tura ruwa ya tsaya. Masu kifi suka zubar da kaya. Mutane masu mutuncinsu suka koma yawo da caja a aljihu, in sun shiga gidanka kafin su gaishe ka idonsu na kan bango. Shagon Tartsatsi kuwa ya zama wurin zaman hira. Injin waldarsa ba ƙaramin janareta ke ɗaukarsa ba, sai ya zauna kan ƙofar wani da ya yi rabi ya bari, yana korar ƙuda.

Aikin bai dame shi kamar firjin ba. Da farko ƙanƙara ya riƙa nemowa yana zuba wa allurar a kula. Daga baya ƙanƙarar ta zama sai mai hanya, daga baya ma babu ita. Ran nan da hantsi sai ga motar Auta a ƙofar gida.

"Yaya, ka bar ni in tafi da ita. Firjina bai taɓa mutuwa ba. Da an kawo wuta zan dawo maka da ita."

"Dawo mini da ita? Tukunya ce ka ara?"

"To me kake so in ce? Allurar nan ruwan ɗumi take iyo a ciki."

Gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Shi da kansa ya ɗauki jakar Inna ya sa a but. Da suka tafi ya koma ɗakin ya danna makunnin fanka ya bar shi a kunne, don ranar da aka kawo ya zama shi ya fara sani.

Zuwansa na farko gidan Auta bayan tafiyar Inna, da ma bai je ba. Tun daga ƙofa sanyi ya dake shi. Inna na kishingiɗe kan doguwar kujera, fanka na kaɗa mata mayafi, ga kofin ruwa na zufa a gabanta, ga talabijin na ta surutu. Har wani haske ta yi. Matar Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Yaya, kada ka damu, na iya allurar, a waya na koya."

A waya! Abin da ya yi shekaru yana yi.

Suna zaune Auta ya fito zai tafi ofis, ya rusuna gaban Inna. Ta ɗora masa hannu a ka. Tartsatsi ya ji kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, nasa, waɗanda ya san inda take numfashi a tsakaninsu, suna sauka kan wani kai mai ƙamshin man gashi. Aka kawo masa ruwan sanyi ya ce azumi yake. Da ya fito ya ɗaga kai ya dubi ƙafafun ƙarfen nan a kan rufi, ko tsatsa ba su yi ba. Karo na farko a rayuwarsa ya ji haushin kyan aikinsa.

Daga ranar ya zama wani iri. In ya ga hadari ya taso sai ya ji daɗi, wai ko rana ta ɓuya sola ta ji jiki, sai kuma ya tuna allurar wa ke cikin firjin ya yi istigfari. In matarsa ta ce Inna ta bugo ta ce a gaishe shi, sai ya ce, "Ta ambaci dawowa?" In ta ce a'a, abincin ranar ya ɓaci.

Ana haka sai magana ta bazu cewa an kusa gama gyaran turaku, yau ko gobe. Tartsatsi ya kasa jiran goben. Ya je wurin mai aski na bakin layi ya ari ɗan janaretansa na wuni ɗaya.

"Abin aski da ƙwan fitila kawai yake ɗauka fa," in ji mai aski. "In ka matsa masa, zuciya gare shi kamar surukata."

Ya kai shi can bayan gida, ya kifa masa rabin duro, ya lulluɓe da tsohuwar katifa don kada a ji ƙara, ya ja waya ta bayan banɗaki. Matarsa na tsaye riƙe da ƙugu.

"To in ta dawo yau, gobe fa?"

"Gobe a kawo ta gaskiya."

"In ba a kawo ba fa?"

"Ke dai bakinki bai iya alheri ba."

Ya buga wa Auta waya ya ce layinsu aka fara gwadawa, wuta ta zauna daram, a kawo Inna. Auta ya ce shi bai ga kowa ya faɗa a waya ba. Sai ya jiyo muryar Inna daga nesa tana cewa, "Kai ni in gani." Zuciyarsa ta yi fari tas.

Inda ya yi wauta shi ne ƙwan ƙofar gida. So yake tun daga kwana su hango shi, sai ya kunna shi da rana tsaka. Ya manta layin nan cike yake da mutanen da suka yi makonni suna kallon ƙwan kowa. Motar Auta na tsayawa, wata maƙwabciya ta hango, ta kwarma ihu, "An kawo!" Layi ya ɗauka. Kowa ya ruga gida ya danna makunni, shiru. Sai suka fito suka nufo gidan da ke da haske.

Inna ta shiga ɗakinta, ta kama mariƙin nan ta zauna kan gadonta, fanka na juyawa a hankali kamar mai jin barci, firji na gurnani. Tartsatsi ya karɓi kular allura daga hannun Auta ya jera su ciki da kansa. Bai rufe firjin ba ya ji sallama. Kafin ya fito tsakar gida ta cika. Wannan da waya uku, wancan da fitilar caji, tela da dutsen guga a hammata.

"Tartsatsi, ashe kai aka fara ba! Wa ka sani a ofishin wuta?"

"Maƙwabci, soket ɗaya dai, don Allah."

Ya zai ce a'a? In ya ce janareta ne, ga Inna na ji, ga Auta a tsaye yana kallonsa da wani guntun murmushi. Ya ce, "A hankali dai, ba ta da ƙarfi," amma wa ke saurare. Ya hango tela ya durƙusa gaban soket. Ya buɗe baki ke nan ƙwan ya yi ja, ya yi fari fat, fanka ta zabura, sai wani tari daga bayan gida, sai baƙin hayaƙi mai warin katifa ya turnuƙo ta saman banɗaki. A ɗakin Inna firji ya yi ƙara ɗaya, tas, ya yi shiru.

Aka kashe katifar da ruwan wanke-wanke. Mai aski ya iso yana salati, ya tsaya kan janaretansa kamar mai ta'aziyya. Masu caja suka zare kayansu suka fice, wasu na dariya tun kafin su kai ƙofa. Auta ya buɗe mataccen firjin ya mayar da allurai cikin kula. Wannan ya fi zagi ciwo.

Inna ta ce kowa ya ba su wuri. Tartsatsi ya durƙusa, hannunsa baƙi ƙirin, ya kasa ɗaga kai.

"Babba, tun daga ƙofa na ji warin fetur."

"To me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?"

"Gadona nake son in zauna a kai. Na wancan gidan laushi ya yi masa yawa, in na kwanta sai an ciro ni." Ta janye hannun riga ta nuna masa damtsenta, duk shatin baƙi. "Dubi aikin 'yar waya. Yarinyar kirki ce, amma hannunta rawa yake. Daga gobe kai za ka riƙa zuwa kana yi mini."

"Ni Inna gidan can ba na..."

"Za ka zo. Kuma in an ba ka ruwa ka sha, ka daina azumin ƙarya."

Ta kama mariƙin ta tashi, ta bi Auta da kularsa.

Bayan 'yan kwanaki aka kawo wutar gaske. Yana tsakar gida ya ji fankar ɗakin Inna ta tashi ita kaɗai, tana kaɗa labulen ɗakin da ba kowa. Da ya yi haƙuri, da ranar za ta dawo. Mai gyara ya duba firjin ya ce zuciyarsa ta ƙone, a nemi wani. Auta ya ce zai saya, Tartsatsi ya ce in ya ga firjin Auta a ɗakin nan sai ya yanka shi da injin yankan ƙarfe. Ga janaretan mai aski kuma da za a fara tayarwa.

Yanzu haka yana can shago, tartsatsi na tashi tun safe, ƙofofin da suka taru yana ta sallamarsu. Inna ta ce ranar da firji ya shiga kusurwarsa, ranar za ta shigo. Kafin nan, kullum da sassafe za ka gan shi a kan babur ya nufi sabuwar unguwa. Ya wuce ƙarƙashin ƙafafun ƙarfen da ya ƙera ba ya ɗaga kai. Ya yi allura, ya durƙusa, a ɗora masa hannu. Sai Auta ya fito da ƙamshinsa shi ma ya rusuna. Tartsatsi ba ya tafiya sai an gama, yana tsaye bakin ƙofa yana ɗaura hular kwano a hankali, kunnensa na ciki. Matarsa ta ce addu'ar iri ɗaya ce, Auta ma ya ce iri ɗaya ce. Shi dai ya rantse ta Auta ta fi tsawo.