Bugu Biyu a Jikin Motata

Ni ce mace tilo da ke tuƙa babbar mota a kamfanin ruwan leda da nake aiki a Kakuri, kuma a makon da ya wuce saura ƙiris a raba ni da makullinta. Har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba. Amma sai na fara daga motar, don in ba a san yadda nake son ta ba, ba za a gane abin da ya sa na ƙi sakin makullin nan ba.

Fara ce, mai taya shida, bodinta rufaffe na ƙarfe. In na hau, ina hango rufin bas-bas da kawunan masu keke daga sama. Sai na sa filo a kujera kafin ƙafata ta kai kuloci sosai, kuma 'yan lodi sun daɗe suna tsokanata a kan filon nan, amma ko a jikina. Da na gama sakandare ɗakin ɗaure ruwa na shiga, inda 'yan mata ke zaune gaban inji suna cusa ledoji a jaka har fatar yatsunsu ta yi fari ta tattare. Kawuna direban tifa ne, shi ya koya mini tuƙi a filin da suke ɗibar yashi, ya tsaya mini har na samu lasisi. Da wani direba ya bar aiki, Hajiyar da ke da kamfanin, wadda ba ta cika zuwa ba, ta ce a gwada ni. Ranar da na fara fita da lodi ni kaɗai, daga Kakuri har Barnawa ina dariya kamar wadda ta zautu. Wata mata a bakin titi ta saki hannun ɗanta ta tafa mini. Wallahi na ji kamar in tsaya in rungume ta.

Manajanmu ne bai so ba. An ce akwai wanda ya yi wa alkawarin motar. Tun ranar bai ƙara kiran sunana ba, sai “Ke!”, in kuma akwai baƙi, “Madam direba”, yana jan kalmar kamar yana tauna ta. Zai sa in sake wanke motar da na wanke. Zai tsare ni a bakin get, masu saye na kallo, ya tambaye ni wa ma ya ba ni lasisi. Maganarsa ta kullum ita ce, “Ranar da kika goge mini ko fenti ne, ki koma ɗaure leda inda kika fito.” Ni kuwa da na ji takunsa sai bakina ya bushe. Ba na amsawa, sai “To, Oga.” Kuma mutum ne da ba ya iya magana sai yana dukan wani abu. Tebur, ƙofa, tankin ruwa, duk abin da ke kusa da tafinsa sai ya sha.

To, wurin da muke lodi lungu ne matsattse, bango a baya, janareto a gefe. In janareton nan na aiki, ko ihu mutum ya yi direba ba zai ji ba, madubi kuma ba ya nuna wutsiyar mota. Saboda haka da tafin hannu ake magana. Mai jagorar direba zai bugi bodi: ɗaya, tsaya, biyu, taho. Ba wanda ya rubuta wannan a ko'ina, amma har mai shara ta san cewa in mota na ribas, hannu ɗaya ne kawai ke taɓa jikinta. Ko jingina ba a yi. Mai yi mini jagora shi ne shugaban 'yan lodi, wani dattijo ɗan unguwarmu Tudun Wada, kowa Baba yake ce masa.

Ran nan da safe rana ta fito da zafi, masu shaguna sai kira suke, motoci sun yi layi suna jirana. Na sa ribas, Baba ya buga biyu, na taho a hankali. Ya buga ɗaya, na tsaya. Ƙafata ɗaya kan kuloci, ɗaya kan birki, idona kan madubin ɓangarena, ina jira. Abin da ban sani ba shi ne wani ya bar weji a hanya, wato guntun katakon da ake tokare taya da shi, Baba kuma ya sunkuya tsakanin motar da bango yana janye shi. Ban kuma san manaja ya fito daga ofis ta ɗaya ɓangaren ba, ransa a ɓace don na tare layi.

Sai na ji bam, bam.

Na saki birki. Motar ta soma ja da baya. Sai ga bakanikenmu, wani ɗan ƙabilar Ibo da ke zaune a nan Kakuri, ya faɗo gaban motar a guje, hannuwansa a sama, sufana na lilo a ɗaya, bakinsa a wangame. Ban ji abin da yake cewa ba, fuskarsa kawai na gani. Na taka birki da dukan ƙarfina har ƙirjina ya daki sitiyari, injin ya mutu.

Ban san yadda na sauko ba. Na zagaya baya ina riƙe da bodi. Baba na kwance a gefensa, ya mirgina ya manne da gindin bango, hularsa a ƙarƙashin taya ta baje. Tsakanin tayar da ƙafarsa bai fi tsawon tafin hannuna ba. Yana ta salati a hankali, gwiwar hannunsa na jini. 'Yan lodi suka ɗaga shi. Ni kuwa na tsaya, kunnena na ƙara, ina kallon hular nan.

“Kun gani! Ban faɗa ba?” Muryar manaja ce a kaina. “Za ta kashe mana mutum! Ke, kawo makullin!”

Sai a lokacin na lura makullin na hannuna, na zaro shi ban sani ba. Hannuna ya riga ya fara miƙuwa, don na saba da “To, Oga.” Amma sai na janye shi. Na ce, “Oga, biyu na ji.”

“Kika ce me?”

“Bugu biyu na ji.”

Ya nuna kunnensa, wai ba ya ji saboda janareto. Bakanike ya juya, ya je ya kashe janareton. Wurin ya yi tsit har ina jin ɗigar ruwa daga famfon tanki. 'Yan matan ɗakin ɗauri suka leƙo ta taga don injinsu ya tsaya.

Baba ya ce, “Ni ɗaya na buga. Bayan nan hannuna biyu suna kan weji. Da me zan buga, da kaina?”

Bakanike ya ce, “Oga, na you knock am. Kai ka buga. Da idona na gani, ina ƙarƙashin waccan motar.”

Manaja ya ce, “To sai me? Motar kamfani ce. Sai na nemi izininku kafin in taɓa ta? Magana nake mata ta matsa!”

“Ai ta matsa,” in ji wani ɗan lodi daga baya. Ba wanda ya yi dariya sosai, amma na ji an yi gyaran murya.

Manaja ya matso kaina, hannunsa a buɗe. Ina jin warin turarensa. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, kawai na ga na mayar da hannuna cikin hijabina, na matse makullin a ƙirjina. Ya tsaya cak. Maza sun fi goma a wurin, duk sun zuba masa ido, kuma ya san ba zai kai hannu jikin 'yar mutane ba.

Wannan ɗan lodin ya ce, “Ɗauka mana, Oga. Ga shi nan kusa.”

Wannan karon an yi dariya.

Baba ya nemi bakin dakali ya zauna, yana goge jini da bakin rigarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Manaja, ina da iyali. Waɗannan yaran ma suna da iyaye. Yau babu mai tsayawa bayan mota a gidan nan matuƙar akwai hannun da ba mu sani ba yana yawo.” 'Yan lodi suka bi shi suka zazzauna a ƙasa. Direban da ke bayana a layi ya kashe injinsa, na gaba ma ya kashe, sai sauran suka bi. Ban taɓa jin kamfanin nan shiru haka ba. Abin da ke ƙara kawai wayar manaja ce a aljihunsa, masu shaguna na neman ruwansu.

“Zan kira Hajiya yanzun nan,” ya ce da ni. “Za ki ga abin da zai same ki.”

Muryata ta fito siririya, tana karkarwa, amma ta fito. Na ce, “Kira ta, Oga. Ni ma ina so in gaya mata da bakina. Ga Baba, ga kowa.”

Ya ciro wayar, ya dube ta, ya dube mu. Ta sake ƙara a hannunsa, ya katse. Bakanike ya jingina da janareto yana goge sufana da tsumma kamar ba shi a wurin. Can manaja ya ce, “Ku yi lodi, kuna ɓata mini lokaci.”

Baba ya ce, “Za mu yi. Amma in mota na ribas, daga baranda za ka riƙa yi mana faɗan. Muna ji daga can.”

Manaja ya mayar da wayar aljihu. Ya juya, ya hau barandar ofis, ya bugi ƙofa da tafinsa ya shige.

Na ɗauka an gama, ashe da saura, don motar ba ta kai bakin lodi ba. Na dubi lungun nan, na dubi bango, sai hawayen da na riƙe suka zubo. Na ce, “Baba, don Allah wani ya ƙarasa. Ba zan iya ba.”

Ya sunkuya ya zaro hularsa da ta baje, ya kaɗe ta a cinyarsa, ya kafa a kai haka nan a karkace. Ya ce, “'Yata, hau. In wani ya ƙarasa miki yau, gobe ma wani ne zai hau, kin ba manaja abin da yake nema cikin ruwan sanyi. Ni zan tsaya a bayan, ba wani ba.”

“In na sake fa?”

“In kin sake, ki saya mini hula biyu. Hau.”

Na hau. Na zura makullin a raminsa, na tayar da injin. Bakanike ya tayar da janareto. Na yi bisimilla, na leƙa ta taga sai da na ga fuskar Baba ya ɗaga mini kai, sannan na sa giya. Bam, bam. Na taho kamar mai tafiya kan ƙwai. Bam. Na tsaya. 'Yan lodi suka ɓarke da ihu, bakanike ya sa yatsu a baki ya yi fito, 'yan matan ɗakin ɗauri na ta buga taga, ɗaya ma har da guɗa. Kai! Ban san ana iya kuka da dariya a lokaci guda har ciki ya ƙulle ba sai ranar.

Da aka gama lodi na fita get, sai na ji motar ta yi mini daɗi fiye da ranar farko. Nauyin ruwan na kwance a bayana, injin na gurnani yadda nake so, iska na shigowa tana bushe mini fuska. Na bi titi har Barnawa ina danna hon ga duk wanda ya ɗaga mini hannu, har da waɗanda ba su ɗaga ba. A bakin kasuwa akwai wata mai shago da nake kai wa ruwa, Mama muke ce mata. Ina saukowa na zauna daɓas a matakalar mota. Ta ce, “Ɗiyata, zazzaɓi ne?” Na soma ba ta labari, kalmomi na hawa kan juna, ina dariya ina share ido. Ta dafa kaina ta ce, “Yesu! Allah ya tsare tsohon nan. Shi kuma ogan naku, ki kawo mini shi nan in gan shi.” Ta ɓare gyaɗa ta zuba mini a hannu, ta hana ni tashi sai da na cinye.

Ba zan ce manaja ya canza ba. Bai ba Baba haƙuri ba, ni kuma har yau “Ke” ce. Daga baranda yake zazzaga faɗansa, kuma in na gan shi zuciyata na bugawa kamar da. A gida ma in ƙanwata ta rufe ƙofa da ƙarfi, sai ƙafata ta dama ta danna ƙasa da kanta kamar tana taka birki. Washegarin abin ya sauya mini hanya, ya cire ni daga shimfiɗaɗɗun titunan Barnawa ya jefa ni lungunan cikin Sabon Tasha, inda ramuka da kwata da masu keke ba sa raga wa kowa, hanyar da duk direbobi ke gudu. Da ya faɗa yana kallon fuskata, yana jiran in roƙe shi. Na ce, “To, Oga,” na ɗauki makullina na fita. Akwai wata kwana a bayan wani coci da aka ce babbar mota ba ta shiga sai an yi gaba an yi baya. Jiya na shige ta kai tsaye, yaran makaranta na bina a guje suna ihu, ni ma ina ihun tare da su daga cikin mota.