Na Kai Zainab Greensboro Ba a Ɗaura Ba

Da ana dawo da rana baya, da na koma ranar da na tara dattawa a zaurena na ɗaura wa 'yata Hadiza aure a ɓoye. Saurayinta yana Amurka, ya nema mata bizar da ake ba wadda aka yi wa baiko: a shiga ba aure, a ɗaura can cikin kwana casa'in. Na rantse 'yata ba za ta hau jirgi ta tafi wajen namiji haka kawai ba. Ranar ganawar biza a Legas aka tambaye ta ko an ɗaura, ta faɗi gaskiya, aka rufe takardun. Sai da suka sake sabon nema a matsayin miji da mata, suka yi shekara biyu da wani abu kowa a ƙasarsa.

Shi ya sa da maganar Zainab ta taso, 'yar ƙanena marigayi, na kama bakina. Aminu mai nemanta yana aiki a gidan ajiyar kaya a Greensboro, can Amurka inda Hadiza take, kuma doka ta ce sai ya nuna samunsa ya isa riƙe mace. Albashinsa bai kai ba. Na ce masa a waya in aiko da takardar gonata da hoton shanuna. Ya yi dariya ya ce, "Baffa, takardar albashi da ta haraji suke dubawa, ba su san Bakane da Gudale ba." Ya ƙara da tuƙin haya ƙarshen mako, sai da shekara ta zagayo lissafin ya cika. Biza ta fito, ni kuma na ce ni zan kai ta in ɗaura da kaina.

Zariya zuwa Abuja

Muna idar da asuba muka bar Tudun Wada a motar Ɗanlami direba. Na hana kamu, na hana anko, na hana mai hoto. Gari na wayewa, daidai Jaji, Zainab ta miƙo min ruwa daga baya. Sai ga hannu ya sha lalle baƙi da ja har gwiwa.

Na kira matata. Hajiya Rabi ta ce, "Malam, ka hana ganga mun bari. Amma yarinya marainiya ta bar gida da hannu fari kamar mai zuwa asibiti? Gwaggonninta ne suka yi, ni na riƙe musu fitila."

Ɗanlami ya ce, "Alhaji, ai abin mai sauƙi ne. Can sanyi ake yi, a sa mata safar hannu."

A Kaduna muka karya da waina da miyar taushe. Muna shiga Abuja da azahar na saya mata safar hannu baƙa a kasuwa, ina jin na yi dabara.

Cikin jirgi

Mun tashi da la'asar, muka sauka Addis Ababa muka sake jirgi. Daga nan kuwa zama ne har gwiwoyina suka daina jin magana. Aka kawo shinkafa da kaza a ɗan akwati wanda jikana ma zai raina. Zainab tana ta fama da cokali cikin safa. Ta ce, "Baffa, in cire?" Na ce a'a. Abin sallah ne ya fi damuna, don gari ya ƙi wayewa a lokacin da agogona ya ce.

Washington

Da safe muka sauka. Layi kamar na tantance alhazai. Da muka iso gaban jami'a, wata baƙar mace mai gilashi, ta karɓi fasfo, sannan ta nuna wa Zainab wani ɗan gilashi mai haske inda ake ɗora yatsu. Abin da ni da Ɗanlami ba mu lissafa ba ke nan.

Zainab ta zare safa. Matar ta dubi hannun, ta dubi bizar, ta sake duban hannun. Ta ce ta taɓa halartar bikin wata maƙwabciyarta, ta san wannan ado na amare ne. An riga an ɗaura ne? Zainab ta ce a'a. Aka kai mu wani ɗaki mai kujeru a jere.

Na zauna ina lissafi. Tuƙin Aminu na shekara guda, ga shi ina shirin zubar da shi saboda safar naira kaɗan. Da hannun a buɗe yake tun farko, da ba a yi zaton muna ɓoye wani abu ba.

Aka kira ni, aka haɗa ni da tafinta ta waya, Bahaushe ne, daga jin harshensa mutumin Damagaram. Jami'ar ta ce me ya sa aka rufe hannun. Na ce, "Gaya mata ni na sayi safar, tsoro ne ya sa ni. Lallen na sallama ne, mata suka yi. Aure kuwa ba a ɗaura ba, don ni ne waliyyi, ba mai ɗaurawa sai ni. Da an ɗaura, me zai sa tsoho mai ciwon gwiwa ya kwana a sama?" Na ƙara da ba ta labarin Hadiza, ban rage komai ba.

Tafintan ya yi ɗan tari irin na mai danne dariya, ya fassara. Matar ta tambayi Zainab aikin Aminu da ranar da aka sa, ta duba takardun samunsa, ta kira shi a waya. Can sai na ji ƙarar hatimi. Ta miƙo fasfo, ta nuna hannun Zainab ta ce wani abu. Zainab ta ce, "Wai ya yi kyau, kada in sake rufewa."

Greensboro

Ƙaramin jirgi ya ƙarasa da mu da yamma. Aminu na tsaye da furanni, ya rasa wa zai fara gaisarwa, ya durƙusa ya miƙo min su. Hadiza ta ce, "Kai ango, ba na Baba ba ne." Ta ɗauke mu, shi ya biyo mu a baya, don na ce Zainab gidan yayarta za ta sauka har a ɗaura.

Muka bi Wendover Avenue, motoci kamar an ɓaro su, kantuna kowanne ya kai girman filin idi. Ta nuna min inda Aminu yake aiki. Gidanta yana Pleasant Garden, shiru, fili ko'ina ba a noma komai. Jikokina ina yi musu Hausa suna mayar min da Turanci. Ta yi min tuwon shinkafa miyar kuka.

Ina ci na ba ta labarin safa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Baba, kai dai ba ka gajiya da dabara." Na ce, "Hadiza, ki yafe min shekarun nan." Ta ƙara min miya, ta ce, "Tun ranar da na sauka na yafe. Ci kada ya huce."

Ranar Juma'a ta biyu, bayan sun karɓo takardar aure ta hukuma, muka ɗaura a masallaci bayan sallah. Mutanen Kano, na Maraɗi, na Kumasi, har da wani fasto ɗan Kafanchan abokin aikin Aminu da ya tsaya a waje yana raba dabino. Lallen ya riga ya dusashe, matan garin suka sake mata sabo, har da kiɗa.

Gida

Na yi wata guda na juyo. Ɗanlami ya tarbe ni a Abuja, na damƙa masa safar na ce tsarabarsa ce. Mun shiga Zariya ana kiran magariba. Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza da mijinta, da tafintan nan da ban ga fuskarsa ba.

Duk mai 'ya da ke jiran irin wannan biza, ina roƙonsa kada ya yi irin nawa: kada ya ɗaura a ɓoye, kada kuma ya rufe abin da ba laifi ba ne.