Gurbin Sunan Ɗan Fari

Elizabet ba ta yi karatun kwamfuta a makaranta ba. A waya ta koya, tana zaune bayan keken ɗinkin yayarta a Tudun Wada, har mutanen gida suka sa mata ido suna cewa yarinyar nan wata rana allon zai haɗiye ta. Da ta samu aiki a wani ɗan ɗakin gwajin jini a Bolari, ta tarar ana kwafe sakamako da hannu, sai ta rubuta manhajar da ke karanta fayil ɗin rana, ta zuba sunaye a jeri ɗaya, sakamako a wani jerin, ta buga su gefe da gefe. Mai wurin ya yaba. Ita kuwa kanta ya ɗan kumbura, ba laifi.

Wata safiya wani makiyayi mai suna Bobbo ya shigo neman sakamakon ɗansa Joda, wanda matarsa ta kawo kwanakin baya. Elizabet ta duba, babu Joda. Ta tambayi Matiyu mai shigar da sunaye.

"Af, matar nan ce," in ji Matiyu. "Na tambaye ta sunan yaron, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ɗan farinta ne, kin san ba za ta kama sunansa ba. Sai na bar wurin haka, na ce in babansa ya zo mu cike."

Ta buɗe fayil ɗin ranar da aka kawo yaron, ta sa manhajar ta buga jerin biyu daban-daban. Sunayen sun gaza sakamakon da guda. Da hannunta ta rubuta cewa a tsallake duk inda babu komai, don gudun fankon layi. Manhajar ta tsallake gurbin sunan yaron, amma ta riƙe sakamakonsa, sai duk wanda ya biyo baya ya matsa sama ya ɗauki na wani.

Mutum biyu ne suka biyo bayan yaron, Amir da Hanifa, masu gwajin sikila na kafin aure. Yaron AA ne, aka manna wa Amir. Na Amir AS, aka ba Hanifa. A can ƙasa kuma wani AS na tsaye shi kaɗai ba suna, wanda firinta ba ta taɓa bugawa ba. Na Hanifa ne. Dukansu biyun AS ne, za su iya haifar mai sikila.

Elizabet ta san cutar nan sanin cikin gida. Ƙanenta ya yi ta fama da ita, yana kuka da ƙasusuwansa duk damina, har ya rasu bai gama firamare ba. Tsoro take ji, tsoron mai wurin, tsoron dangin amarya, amma wanda ya fi cin ta shi ne na 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna.

"Ki gyara kawai ki yi shiru," Matiyu ya ce a hankali. "Wa zai sani?"

Gyaran bai wuce layi biyu ba. Ta yi, ta ba Bobbo takardarsa, ta buga na masu auren, ta kira lambar Amir. A kashe. Ta tari keke zuwa Gabukka, inda Hanifa ta ce take zaune, tana addu'a a ranta Allah ya sa ba a sa rana ba.

Tun daga bakin layi ta hangi rumfa da kujerun haya. Mata na ta kai da kawo da tukwane. Ta yi sallama, wata dattijuwa ta ja ta har ɗaki. Hanifa na zaune, hannu da ƙafa sun sha lalle.

"Anti mai gwaji, kin zo mana," ta ce tana murmushi. "Gobe ne ɗaurin auren. Ai ke kika ba mu albishir, Baba cewa ya yi sai ya ga takardarku kafin ya yarda."

Elizabet ta durƙusa kusa da ita, riƙe da sabuwar takardar a hannunta.

"Ƙanwata," ta ce, "ki sa a kira mana Mama, a rufe ƙofa."