Kaset ɗin Hambali Ɗan Kama

Ranar Talata, sha biyar ga watan Nuwamban 1983, Hambali ya fara haɗuwa da Elias. An turo Elias, sabon direban tarakta daga ƙasar Filato, ya yi wa manoman rani kaftu a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure. Bai jira ƙasa ta tsane ba ya faɗa gonar Hambali, tarakta ta kafe a laka har gindi. Da wani manomi ne da zagi ya fara. Shi kuwa Hambali sai ya durƙusa hannu da ƙafa a bakin gona, yana kukan inji da maƙogwaro, yana juya ƙugu kamar taya a cikin caɓi. Sannan ya miƙe ya kwaikwayi direban kansa, har da yadda yake sosa ƙeya.

Elias ya ce, "Baba, ko dai ka tura ni, ko ka ƙarasa ni da dariya. Zaɓi ɗaya."

Hambali ya ce, "Ɗan dutse, a garinku kan dutse ake noma, ina ka san laka? Sauko mu nemo mutane."

Tun daga ranar sunan Elias ya koma Ɗan Dutse a bakinsa.

Hambali ɗan kama ne, ɗan ɗan kama. Sana'ar gidansu ke nan: ba da dariya a wurin biki da suna da kasuwa, da 'yar ganga a hammata, komai aka ɗauko a mayar da shi zancen abinci. Zuwan ruwan rani ya sa ya zama manomin tumatir da alkama kamar kowa, amma bai ajiye ganga ba. A lokacin ya doshi hamsin, gajere ne mai tumbi, fuskarsa kamar roba, yana iya mayar da ita ta kowa.

Wasan da ya fi fitar da sunansa shi ne tafsirin tuwo. Sai ya naɗa tsohon zanen matarsa Mairama a matsayin rawani, ya harɗe a tabarma, ya riƙe faifai kamar littafi. Datti, ɗan ƙanen mahaifinsa, ya zauna gefensa yana jan baki da muryar masu karatu, amma abin da yake jerawa bai wuce kuka da kuɓewa da daddawa ba. Hambali ya gyara murya ya fassara:

"Malamai sun yi saɓani a kan ƙanzo. Wasu suka ce na wadda ta wanke tukunya ne. Wasu suka ce na wanda ya riga kai hannu ne. Amma a mazhabarmu, na wanda ya fi ƙarfin haƙori ne."

Mahaifinsa ya bar masa doka guda: ka ja rawanin malam, ka ja gemunsa in ka ga dama, amma kada ka taɓa abin da yake karantawa. Saboda haka ko harafi ɗaya na Alƙur'ani ko sunan Manzo bai taɓa shiga wasan ba. Malam Maharazu, limamin garin, yakan yi dariya har ya share ƙwalla, ya ce, "Hambali, wannan tumbin da kake shafawa, nawa kake nufi?" Hambali ya ce, "Allah gafarta Malam, wa ya isa? Naka ai na ilimi ne."

A watan Disambar 1986 Elias ya sayi rikoda. Ya roƙi Hambali ya yi masa tafsirin tuwo ya ɗauka, ya kai wa tsohuwarsa ta ji a hutun Kirsimeti. Suka yi shi da rana a ɗakin Elias, a rukunin gidajen ma'aikata, su uku da Datti. Matar Elias, Saloma, tana daga waje tana dariya da goyon 'yarsu. Kaset ɗin da aka sa tsoho ne, Elias ya saye shi a cikin tarkacen kasuwa, ba rubutu a jikinsa. Bai saurare shi ba, bai kuma mayar da shi farko sosai ba, ya danna ɗauka.

Bayan hutu rikodar ta cinye kaset, ya kai ta gyara Kano da kaset ɗin a ciki. Mai gyara ya ji abin dariya, ya kwafa. Kafin tumatir ya ƙare, direbobin manyan motoci sun dawo da shi yankin, ana kunna shi a tasha da wurin masu shayi.

Datti ne ya fara jin sa. Ya sami Hambali a gona yana ban ruwa, ya ce, "Yaya, mun shiga uku."

Ashe tsohon kaset ɗin na tafsirin gaske ne. Ɗan abin da ya rage a farkonsa wani alaramma ne yana karanta aya, bai kai ƙarshenta ba sai ƙyat, muryar Datti ta ɗora da kuka da daddawa, a kan irin wannan sautin. Wanda bai san zancen ba zai rantse mutum ɗaya ne ya fara da aya ya ƙare da miya. Ga shi a kaset ba a ganin zanen Mairama, ba a ganin faifai.

Watan Maris ne na 1987. Rikicin addini ya tashi a jihar Kaduna, labarin ƙone-ƙone na zuwa da kowace mota. Ma'aikata Kiristoci sun daina zuwa kasuwa, wasu sun tura iyalansu gida. Hambali ya jingina da fartanya ya ce, "Wa ya san a ɗakin Ɗan Dutse aka yi?"

"Ni da kai."

"To, ya tsaya nan."

Datti ya ce shi ba zai iya tsayawa gaban mutane ya rufe baki ba, ya san kansa. Washegari ya bi motar tumatir zuwa kudu.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka kira Hambali zauren liman. Ya tarar da ƙofar gidan cike da mutane. Da yawansu ya yi wasa a bikinsu, wasu a sunansu ma. Ba wanda ya amsa sallamarsa. A ciki Malam Maharazu na zaune a buzu, ɗansa Abbas na tsaye da rikoda. Abbas bai daɗe da dawowa daga karatu ba, shi ke koyarwa a Islamiyya, kuma ba mai hayaniya ba ne. Ran nan dai shi ya fara magana.

Ya ce, "Baba, tun bara nake ce maka wasan nan bai dace ba, kana cewa gado ne. To ga gadon. Ka ji da kunnenka."

Aka kunna. Hambali ya ji ayar, ya ji inda ta yanke, ya ji muryar Datti, ya ji tasa. Can ƙasa-ƙasa kuma ya ji dariyar mace, ta Saloma. Ya dubi fuskokin mutane ko wani ya gane ta. Ba wanda ya kula.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, muryar farko ba ta Datti ba ce. A kan tsohon kaset aka ɗora mu. Wallahi ban sani ba sai shekaranjiya."

Malam ya sa aka maimaita wurin, ya karkata kunne. Ya ce, "Haka ne, murya biyu ce. Na yarda ba kai ka haɗa ba. To wa ya ɗauka? Faɗi sunansa a kira shi, ka fita daga ciki."

Ƙofa ce aka buɗe masa, ya kuma san da gangan dattijon ya buɗe ta. Amma yana jin gunagunin waje. Daga nan zuwa gidajen ma'aikata ba nisa, hanya ɗaya ce miƙaƙƙa ta gefen babbar magudanar ruwa, ƙofar ɗakin Elias kuwa langalanga ce. Ya san in ya ce Kirista ne ya ɗora wasa a kan aya, ba wanda zai tsaya jin zancen tsohon kaset.

Ya ce, "Ni na ɗauka."

Abbas ya ce, "Kai? Kawu Hambali, ko rediyo ba ka da shi."

"Aro na yi."

"Wurin wa?"

Nan harshensa ya koma ga abin da ya saba. Ya shafa tumbi ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗan kama ba ya tuna jiya, sai dai abin da ya ci."

Ba wanda ya yi dariya. Tun yana yaro bai taɓa sakin magana ta faɗi ƙasa haka ba. Wani da ke bakin ƙofa ya juya ya gaya wa na waje, "Har yanzu wasa yake yi!"

Malam Maharazu ya dube shi ya ce, "Hambali, wa kake karewa?"

"Ba kowa, Malam."

Liman ya yanke hukunci cewa ya tuba a gaban jama'a, ya bar tafsirin tuwo har abada, a tattara kaset a ƙone. Hambali ya amsa. Dattijon ya kama hannunsa da kansa ya fito da shi, ya ɗaga murya yana cewa mutumin nan ya tuba, kuma kuskure ne. Bai rufe baki ba dutse ya sauka a kafaɗar Hambali. Aka ture liman ya zube, rawaninsa ya warware. Abbas ya shiga tsakiya yana ihu, "Ba haka aka ce ba! Ku bari!" Shi ma ya sha gora a baya. Wani ya sami Hambali da ƙotar fartanya a muƙamuƙi. Da ƙyar liman da ɗansa suka ja shi suka mayar zaure, suka datse ƙofa har 'yan sanda suka iso. Kafin nan wasu sun je gidansa sun fasa gangar, Mairama ta tsira ta katangar maƙwabta. Gonar alkamarsa, da ta kusa isa yanka, aka cinna mata wuta.

A asibiti aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya. Elias ya zo ranar Lahadi, ya durƙusa gefen gado, idonsa ja.

Ya ce, "Baba, zan je wurin liman. Ni na jawo. Kaset ɗina ne, hannuna ne."

Hambali ya damƙe wuyan hannunsa. Magana na fita ta tsakanin haƙora da ƙyar, sai da Elias ya kai kunne.

"Ɗan Dutse, wawa. In ka je, wannan dukan na sha shi a banza. Kwashe Saloma ku tafi."

"Ya zan tafi in bar ka haka?"

"Da ƙafa."

Elias ya nemi canjin wurin aiki, ya bar yankin da iyalinsa kafin damina ta sauka. An kama mutum huɗu a kan dukan, aka sake su saboda ba wanda ya yarda ya ba da shaida. Malam Maharazu bai sake tambayar wa ya ɗauki kaset ɗin ba, kuma shi ya aika wa Mairama hatsin da suka ci a shekarar.

Muƙamuƙin Hambali ya warke a karkace, maganarsa ta zama sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Bai sake wasa ba, ko wanda ba a hana shi ba. Yara suka riƙa jifan ƙofarsa, masu sayen tumatir na garin suna tsallake kwandunansa. A ƙarshen 1987 ya bar wa wani ƙanensa gonar, ya koma wajen Garun Mallam da Mairama, yana gyaran kwandunan tumatir a bakin titin Zariya. Ya rasu a watan Agustan 1989 bayan gajeriyar rashin lafiya. Abbas na cikin waɗanda suka yi masa salla. Datti ya dawo daga kudu bayan rasuwar, kuma daga bakinsa aka ji a ɗakin wa aka ɗauki kaset ɗin.