Ranar da aka ba ni ashanar toyin tukwane

A ƙungiyarmu ta mata magina tukwane, wadda ta kunna wutar toyi ba ta barin wurin sai wutar ta mutu. Filin toyin yana bayan rumbunan unguwa ne, iska kaɗan ta isa ta kai tartsatsi kan dawar mutane.

Ranar, kakata ta miƙo mini ashana a gaban kowa, domin tulunan da na fara ginawa suna cikin jerin.

"'Yar boko, kunna mu gani ko an koya maku wannan a sakandare."

Mata suka yi dariya. Na kunna. Kara da busasshiyar ciyawa suka kama, hayaƙi ya miƙe sama. Ina zagaye da ɗanyen reshe ina kashe duk abin da ya tsallake.

Sai muka ji mashina daga hanyar Ribah. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. A wannan damina 'yan bindiga sun ƙone ƙauyen ƙanwar mahaifiyata, a kan mashina suka zo. Masu goyo suka fara gudu zuwa dutse, sauran suka bi.

Ƙafafuna suna so su bi su. Amma iska ta juya wajen rumbuna, kuma ni na kunna. Na tsaya ina dukan ƙasa da reshen, ina kuka.

Kaka ta fizge shi daga hannuna.

"Ashanata ce, wutata ce. Mi kike jira? Tafi!"

Na tafi. Daga bayan wani dutse na ga mashinan sun tsaya, maza da bindigogi sun kewaye ta. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana ta bugun ciyawar da ta kama gindin rumbun farko. Wani ya ɗaga bindiga. Na rufe ido.

Muryarta na ji: "Kai, ɗan nan, ajiye wannan ka ɗebo ruwa!"

'Yan sa-kai ne na ƙauyen gaba. Hayaƙinmu suka hango, suka ɗauka an shigo mana. Su suka taya ta kashe wutar. Jinkar rumbu ɗaya wutar ta ci, dawar ba ta taɓu ba. Hannun Kaka ya saɓule har gwiwa.

Yanzu kafin toyi sai mun aika ƙauyukan kusa. Hannun Kaka bai ƙara ƙyasta ashana ba, ni take miƙa wa. Har yau in na zo ƙyastawa, sai ashanar ta yi ta karyewa kafin ɗaya ta kama.